Wasiƙa Ga Masu Neman Gurbin Jami'a

Ƙannena,

Akwai maganar da nake yawan ji daga bakinku idan gurbin karatu bai samu ba: "Kwamfuta ce ta ƙi ni." Daga nan sai a naɗe hannu. Yarda da ƙaddara wajibi ne, amma ku sani kwamfuta ba ta ƙin kowa don raɗin kanta. Mutum ne ya faɗa mata abin da za ta duba da wanda za ta watsar.

A shekarun 1980, makarantar likitanci ta St George's da ke Landan ta damƙa wa wata manhaja aikin tace masu neman shiga. An gina ta ne don ta riƙa yanke hukunci irin na malaman da suka saba yin aikin. Ta kuwa kwaikwaye su tsaf, har da son zuciyarsu, tana zaftare makin mata da na masu sunan da ba na Turawa ba. Sai a 1988 hukumar yaƙi da wariyar launin fata ta Birtaniya ta tabbatar da laifin, bayan an shekara da shekaru ana mayar da yara masu ƙoƙari gida ba su san dalili ba.

A 2020 ma, da korona ta hana jarrabawar kammala sakandare a Ingila, hukumar kula da jarrabawa ta Ofqual ta sa lissafi ya fitar da sakamako bisa tarihin kowace makaranta. Kusan kashi 40 cikin 100 na makin da malamai suka bayar aka rage. Haziƙin yaro a makarantar talakawa ya biya bashin da ba shi ya ci ba. Ɗalibai suka fito kan titi, cikin kwana 4 gwamnati ta janye.

Kada ku ɗauka ina kewar zamanin da komai ke hannun mutum. Mun ga yadda 'yar takarda daga wani babba ke tsallake yaron da ya fi maki, kuma tsarin CAPS da JAMB ta kawo a 2017 ya toshe wasu daga cikin waɗannan ƙofofi. Sai dai ko a can, jami'a ce ke miƙa sunaye, JAMB ta amince. A 2025 kuma JAMB da bakinta ta amsa cewa matsalar na'ura ta ɓata sakamakon ɗalibai 379,997 a Legas da Kudu maso Gabas, aka sake musu jarrabawa. Ƙorafin iyaye da ɗalibai ne ya jawo binciken.

Don haka ku bai wa na'ura haƙƙinta, domin ba ta san uzuri ba. Sunan da ke NIN ya zo daidai da na WAEC ko NECO, harafi da harafi. Ku tabbata sakamakonku ya hau CAPS, darussan da kuka zana sun dace da kwas ɗin, kuma idan gurbi ya fito ku karɓa da wuri. Kar ku bar wa mai shagon intanet ya cike muku kuna waje kuna hira.

Masu neman jami'o'in waje, bayanin kanku da ake nema ku rubuta da hannunku. Mutum ne zai karanta, kuma ya gaji da ganin rubutun manhaja.

In kuwa sakamako ya saɓa wa abin da kuka san kun yi, ku rubuta ƙorafi, ku ajiye kwafi, ku je ofishin JAMB na jiharku ku nemi ganin jami'in da zai duba.

Wassalam,
Yayanku