Darasin Girki: Nama Kaɗan, Iyali Su Ƙoshi

'Yan'uwa, musamman iyayenmu na Zumuntar Mata, darasinmu na wannan wata a kan tukunya yake. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 nama ya zama baƙo a gidaje da yawa. Waɗansu daga cikinmu da suka zo daga Zuru ko Kudancin Kaduna suna tambaya: yaya za a dafa naman alade kaɗan ya ishi gida?

Mu fara da inda muke zaune. A Bodinga da Shagari ba za mu ga wannan nama a teburin mahauta ba, domin maƙwabtanmu Musulmi ne, haram ne a gare su. Kasuwarsa tana nesa, kamar ta Katsit kusa da Kafanchan da ke ci ranar Alhamis. Sai dai in wani ya zo da shi daga gida. To, a zafin Sakkwato, inda rana ke wuce digiri 40 a watan Afrilu, ɗanyen nama ba ya jure doguwar tafiya. A yi masa gishiri da banda tun can. Wanda ya iso da wari ko yauƙi, a binne shi, kada a ce asara. Kuɗin asibiti ya fi kuɗin naman.

In ɗanye ne mai kyau, a yanka a duba. Idan aka ga fararen ƙwayoyi kamar shinkafa a cikin tsoka, 'ya'yan tsila ne, wato doguwar tsutsar ciki. Kada a ci. Wanda ya ci bai dahu ba, tsila za ta girma a hanjinsa, ƙwanta su riƙa fita ta bayan gida. In ƙwan suka shiga bakin wani ta hannu marar wanki, suna iya kaiwa ƙwaƙwalwa su jawo farfaɗiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a wuraren da cutar ta yaɗu, kusan kashi 30 cikin 100 na masu farfaɗiya daga nan ne. Shi ya sa ba ma yarda da gashin sama-sama.

Ga yadda za mu yi. Rabin kilo ya ishi mutum shida, in an zaɓi mai ƙashi da ɗan kitse. A yanka ƙanana, domin kowane yaro ya samu nasa ba rigima. A tafasa da albasa, citta, tafarnuwa da gishiri kamar awa ɗaya, har a tsaga a ga babu ja ko kaɗan. A tsame, a ajiye romon. Sai a sa kitsen a tukunya ya narke. Nan ne sauƙin yake, don ba sai an sayi mai ba. A soya albasa a ciki, a zuba jiƙaƙƙen busasshen tumatir da tattasai da aka daka, da daddawa, a mayar da romo da nama. In bakuna sun yi yawa, a ƙara dafaffen wake gwangwani biyu. Miya za ta yi kauri, ta kuma riƙe ciki.

Abin haɗawa ba ya bukatar wahala: tuwon dawa ko na gero, da kwaɗon zogale da ƙuliƙuli. A lokacin dankalin Hausa, a dafa shi a maimakon tuwo.

Saura batun zaman tare, kuma ba ƙarami ba ne. Muna aron tukunya da turmi da juna, yaranmu suna ci a gidajen juna. Don haka a ware tukunya da wuƙa da ludayi na wannan girki, kada su shiga aro. Kada a miƙa wa ɗan maƙwabci ko da romon, kada kuma a zubar da ƙashi a hanya. Ranar da muke jiran baƙi Musulmi, a yi wannan miya da naman akuya ko kai da ƙafa, a wata tukunya dabam. Dahuwar ɗaya ce, sai dai a ƙara man gyaɗa cokali uku.

A taro mai zuwa, kowace uwa ta zo da lissafin abin da ta kashe da yawan bakunan da suka ci, mu gwada tare.