Hotunan Land Rover a Matsayin Madogarar Tarihi: Misali Daga Yankin Damri

Manufar wannan maƙala ita ce jawo hankalin manazarta ga wata madogarar tarihi da ba a cika kulawa da ita ba, wato tsofaffin hotunan motar Land Rover. Kamfanin Rover ne ya fara ƙera ta a Ingila a 1948. A can, gidan tarihin motoci na Gaydon yana adana takardun masana'anta da hotuna, har mai tsohuwar mota kan iya gano ranar da aka ƙera ta daga lambar jikinta.

A wajenmu kuwa, ba ƙarfen ne abin nema ba. Kafin kwalta ta yawaita, da irin wannan mota ma'aikatan En'e da malaman gona suke ratsa yashi da taɓo zuwa ƙauyuka. Saboda haka hoton da aka ɗauka a ƙasar Talata Mafara, Bakura ko Maradun lokacin gina madatsar ruwa ta Bakolori, daga 1974 zuwa 1978, yana iya nuna gona ko ƙauyen da ruwa ya riga ya shanye. Wannan, a ganina, ya fi motar daraja.

Sai dai gara da danshi suna cin hotunan a adaka, masu shaida fuskokin kuma suna ƙarewa. Ɗalibin da ya sami ɗaya, ya tambayi wurin da mutanen, ya rubuta a bayansa da fensir, domin tawada takan ɓata takarda. In an manta shekara, a ƙiyasta da zamanin hakimin da ke kan gado. Sa'annan ya ɗauki kwafi, ya mayar wa mai shi da na ainihi.