Amsoshin Tambayoyinku: Baraden Gabashin Ingila a Gainsborough

Wani mai sauraronmu daga Zariya ya aiko yana tambaya, wai me ya sa aka yi ta ɗauki ba daɗi a kan Gainsborough a yaƙin basasar Ingila? To, malam, dalili dai shi ne kogin Trent, domin garin a bakinsa yake, kuma duk wanda ya riƙe shi ya tsare hanyar da rundunar Sarki Charles ta arewa za ta bi zuwa Lincoln da lardunan gabas masu goyon bayan Majalisa.

A watan Yuli na 1643, bayan mutanen Majalisa sun ƙwace garin, jama'ar Sarki kuma suka yi masa ƙawanya, sai Oliver Cromwell na ɓangaren Majalisa ya taso da baraden lardunan gabas, waɗanda ya tarbiyyantar bisa ladabi da tsoron Allah, suka fatattaki dawakin Charles Cavendish, jagoran jama'ar Sarki a wurin, har ajali ya riski saurayin nan cikin taɓo. Amma fa nasarar ba ta yi ƙarko ba, gama babbar rundunar Sarki ta arewa, ƙarƙashin jagoranta Newcastle, ta ɓullo, baraden suka janye ƙungiya-ƙungiya cikin natsuwa, garin ya faɗi, sai a Disamba Majalisa ta sake karɓe shi.