Hausar Gareji: Nazarin Kalmomin Gyaran Makunnin Siginar Mota a Gaya da Ajingi

Tsakure

Wannan takarda ta yi nazarin Hausar masu gyaran wutar mota a Gaya da Ajingi ta hanyar bin aiki guda, wato gyaran makunnin sigina da ke jikin sandar sitiyari. An lura cewa mafi yawan sunayen kayayyakin ararru ne daga Ingilishi, amma aikatau da amsa-kama da ake bayyana matsala da su na Hausa ne, kuma su ne ke ɗauke da ilimin sana'ar.

1.0 Gabatarwa

Ƙasar Gaya ta daɗe da sanin ƙarfe. Tarihin baka ya nuna cewa daga can ne maƙeran da ake kira Abagayawa suka taso zuwa Dutsen Dala neman tama. A yau, kanikawa na cikin masu hulɗa da ƙarfe a Gaya da maƙwabciyarta Ajingi, inda motocin haya ke jigilar mutane da amfanin gona zuwa Wudil da Kano da Dutse.

Sigina ita ce fitilar da direba ke sanar da niyyarsa ta shan kwana. Tun da Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama a shekarar 1972, sitiyarin motocinta yana hagu, hannun sigina kuma yana gefen hagu na sandarsa. A hanyar da mota da babur da amalanke ke gogayya ranar kasuwa, mutuwar sigina na iya jawo asarar rai.

2.0 Yadda Sigina ke Aiki

Wuta tana tasowa daga batir, ta bi ta fis, ta shiga filasha, wato na'urar da ke yanke ta tana mayarwa kimanin sau 60 zuwa 120 a minti ɗaya. Daga nan makunni ya aika ta ga ƙwayayen dama ko na hagu, sannan ta koma ta jikin ƙarfen mota. A cikin sandar akwai wani zobe mai haƙori da ke juyawa tare da sitiyari, shi ne ke mayar da hannun sigina mazauninsa bayan an gama shan kwana.

3.0 Bayanin Direba da Matakan Gyara

Bakanike yakan fara da sauraron furucin direba, domin kowace jumla tana nuna inda za a duba:

(a) Tana sauri: galibi ƙwai ɗaya ya ƙone a wannan ɓangare.

(b) Ta tsaya cak, ba ta ƙiftawa: yawanci filasha ce ta lalace.

(c) Ta mutu duka: a fara duba fis.

(d) Ta ƙi komawa: zoben nan ya cinye, ko haƙorinsa ya karye.

(e) Sai an riƙe ta take kamawa: bakin jan ƙarfen da ke cikin makunni ya yi datti ko ya gogu.

Kafin a kwance komai, akan kunna fitilun gargaɗi huɗu. Idan duk suka kama, ƙwayaye da wayoyinsu lafiya suke, sai zargi ya koma kan makunni. Daga nan a cire kan batir na nagatif, a dakata wasu mintuna idan motar tana da jakar iska, don kada ta fashe a fuskar mai aiki. Sai a kwance sukurorin murfin sanda, a zare soket, a gwada da mita ko wuta na wucewa a kowane ɓangare. Idan datti ne, a goge bakin ƙarfen, a shafa ɗan giris. Idan roba ta karye, sai sauyi, wanda sau da yawa ke nufin tafiya kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano don nemo sabo ko ɗan Beljiyam. A nan ne kalma ke da tsada: direban da ya ce "ta mutu" a wurin da "tana sauri" ta dace, yana iya sa a sayi makunni alhali ƙwai ɗaya ake buƙata.

4.0 Nazarin Kalmomi

4.1 Aro. Gaɓar Hausa ba ta farawa da baƙaƙe biyu a jere, don haka ake saƙala wasali. Wannan ya samar da sitiyari da sifana da filasha da giris. A sifana, /p/ ta koma /f/. A sigina kuwa, an saƙala /i/ tsakanin /g/ da /n/, aka kuma shafe /l/ ta ƙarshe. Ƙarewar kalmar da /a/ ta sa ta shiga jinsin mace, shi ya sa ake cewa ta mutu.

4.2 Faɗaɗa ma'ana. Wuta ta ɗauki ma'anar lantarki, ƙwai ya zama abin da ke ba da haske. Sassan jiki ma sun shigo: kan batir, hannun sigina, haƙorin zobe, bakin ƙarfe. Makunni kuwa ƙirƙira ce daga aikatau kunna, bisa tsarin da ya samar da mabuɗi da madubi.

4.3 Mutuntarwa da amsa-kama. Sigina tana mutuwa, tana ƙi, tana ƙiftawa kamar ido. Ƙarar filasha mai lafiya ana ba da ita da ƙas-ƙas, tsayuwar haske kuma da cak. Yaron gareji da bai taɓa karanta littafin mota ba yana koyon rarrabe matsaloli ta waɗannan kalmomi.

5.0 Kammalawa

Ƙamusu irin na Bargery (1934) da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero (2006) an tsara su ne domin Hausar yau da kullum, ba domin keɓaɓɓun kalmomin sana'a guda ba. Takardar ta nuna cewa manazarcin da ya shiga gareji ya tattara sunayen kayayyaki kaɗai, jerin ararrun kalmomi zai fito da shi, ya baro ilimin a baya. Saboda haka ana ba da shawarar a riƙa taskace kowane suna tare da aikatau da amsa-kama da ke tafiya da shi, a cikin cikakkiyar jumla kamar yadda direba da bakanike ke furta ta. Irin wannan taska za ta amfani masu rubuta ƙamus, da makarantun koyon sana'a, da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa a faɗakarwar da take yi wa direbobi da Hausa.