Tsohuwar Fijo 504 da ranar bizit

Wani bawan Allah daga Dakusa ne ya aiko da tambayar. Yana shirin sayen tsohuwar Fijo 504, irin mai buɗaɗɗen bayan nan da muke cewa bashe, don jigilar buhunan gero da wake zuwa Damagaram da kasuwannin ƙauye. Abin da ke ci masa tuwo a ƙwarya ɗaya ne: mota mai waɗannan shekaru za ta riƙa cin bizit, wato duba lafiyar mota na hukuma, duk sanda wa'adi ya cika, ko kullum sai an koro shi? Abokai sun raba masa hankali, wasu na cewa 504 ba ta faɗuwa, wasu na cewa ya haƙura ya tara kuɗin Toyota.

Malam, tana ci. Sai dai ba sunanta ne ke ci mata ba. Mai duba mota ba ruwansa da kamfanin da ya ƙera ta ko kirarin da ake yi mata a tasha. Birki yake dubawa, da sitiyari, da taya, da fitilu, da gilashi, da hayaƙi, ya leƙa ƙarƙashi, sannan ya gwada lambar shasi da wadda ke cikin kartagiris. Injin da ake yabon 504 a kansa, ɗan kaɗan ne rabonsa a wannan jarrabawa.

A 1968 motar ta fito a Faransa, a 1969 aka zaɓe ta motar shekara a Turai. Faransawa sun daina ƙera ƙaramar a 1983, amma kamfanin Fijo na Kaduna, wanda ya fara aiki a 1975, ya ci gaba da haɗa ta har bayan shekara ta 2000. Shi ya sa kayan gyaranta ba su yanke ba, suna shigowa daga Kano ta Daura, kuma da wuya ka sami bakaniken da bai taɓa kwance ta ba. Ba kwamfuta a jikinta, kafireta ce da filogi. Amma ka yi lissafi: ko autarsu ta kai shekara 20 ko ta doshi haka, yawancin waɗanda ke yawo a nan kuwa sun haura 30. Saboda haka abin tambaya shi ne hannun da ta biyo.

Kafin komai, duba abin da gyara ba ya magancewa. Ka sa a goge wurin da aka buga lambar shasi, ka karanta ta harafi bayan harafi, ka gwada da kartagiris. Tsofaffin bashe sun sha walda, wani lokaci mai walda ya bi ta kan lambar ya cinye rabinta, wani lokaci kuma an haɗa gaban wata da bayan wata. Haka in takarda ta ce isansi take sha alhali an dasa mata injin gazuwal. Wannan matsalar takarda ce, ofis-ofis za ka yi ta yawo, bakanike ba shi da abin yi maka. Tsatsa ba ta cika damun motar da ta tsufa a ƙasarmu ba, don iskarmu busasshiya ce. Wadda ta daɗe a Turai kafin ta zo ita ce abin tsoro, domin can gishiri suke watsa wa titi lokacin sanyi, shi kuwa ta ƙarƙashi yake cin ƙarfe. Ka kwanta da tocila da sukurdireba, ka caccaki shasin, musamman inda sifirin baya ya kama.

In wannan ya yi daidai, sauran duk ƙananan abubuwa ne, kuma su ne ke kayar da mutane. A Ingila, inda ake irin wannan duba tun 1960, fitilu ne kan gaba cikin abubuwan da ke kayar da motoci, sai su sifirin da birki da taya. Mu da hanyoyinmu ke girgiza mota tun daga ƙofar gida, namu ya fi haka. Bayan magariba ka tsayar da yaro a bayan mota, ka taka birki, ka kunna sigina dama da hagu, ka sa ribas, ya riƙa faɗa maka abin da ya kama. In ka kunna sigina fitilar birki ta riƙa ƙyaftawa tare da ita, kada ka ɓata kuɗi wajen sayen ƙwai, wayar da ke kama jikin mota ce ta yi datti ko ta saki. Kankarewa da ɗaurewa kawai take so. Sannan ka fuskanci bango ka kunna manyan fitilu: su tsaya daidai da juna, kada ɗaya ta kalli ƙasa ɗaya ta kalli reshen gawo. Murfin fitilar da ya fashe aka liƙa masa jar leda, a canja shi.

Birki ne inda nake so ka daɗe. Ka sami miƙaƙƙiyar hanya mai tauri wadda ba kowa, mota ba kaya, ka kai gudun kilomita 40, ka sassauta riƙon sitiyari, ka taka da ƙarfi. In ta ja ka hagu, ƙafar dama ce ba ta kamawa. In ta ja dama, ta hagu ce. A bashe birkin baya na ganga ne, kuma abu biyu ke kashe shi: ko ƙaramin famfon da ke ciki yana yoyo, ko man akwatin baya ya ɓalle ya jiƙa takalman birkin. Alamar a fili take, ka leƙa cikin ƙafar ta baya, in ka ga danshi baƙi da ƙura ta manne masa, to shi ne. Akwai wata dabara da ake yi a hanya in bututu ya fashe: a murɗe shi ko a toshe, motar ta ƙarasa gida da birki uku. Ba laifi don a isa gida. Laifin shi ne sai a manta, a yi shekara a haka, har a sayar wa wani. Ka bi bututun kowace ƙafa da idonka har ƙarshensa. Inda ake ɗora ƙafafun mota kan gangunan nan masu juyawa, na'ura na nuna ƙarfin kowace ƙafa daban, ba a ɓoye mata wannan.

Man birki kuma na gwangwani za ka zuba, ba ruwan omo ba, komai wanda ya rantse maka cewa yana aiki. Ko na ƙwarai ma yana shan danshi da kansa. Mai lamba DOT 4 sabo ba ya tafasa sai zafi ya kai digiri 230, amma in ya sha ruwa yana iya saukowa wajen 155, kuma in ya tafasa sai ka ji feda ta tafi ƙasa ba komai. Mota cike da buhuna a watan Afrilu ba ta da wuyar kai shi can. Duk shekara biyu a zubar a sa sabo. Birkin hannu ma ana gwada shi, kuma weji a hannun karen mota ba ya maye gurbinsa. Yawanci waya ce ta tsinke ko ta ƙage, gyaran yini ɗaya.

Sitiyari: a ɗaga gaban da jak, ka kama taya da hannu biyu, dama da hagu, ka girgiza, sannan sama da ƙasa. In ka ji ƙwas-ƙwas, akwai abin da ya ci, ko rotil ko boris. Ka duba robobin da ke rufe mahaɗan. Wannan robar ba ta da tsada, amma da zarar ta yage rairayi ya shiga ya gauraya da giris, sai ya riƙa cin ƙarfen kamar dutsen niƙa, kafin damina ta fita mahaɗin ya tashi aiki. Sifirin baya kuma a ƙirga ganyensa; wanda ya karye aka ɗaure da roba, mai duba zai gani tun kafin ya sunkuya.

Taya tana da ranar haihuwa a jikinta. Ka nemi lambobi huɗu a gefe, bayan haruffan DOT: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, wato 2316 na nufin mako na 23 na 2016. Tayar gwanjo na iya zuwa da zane mai kyau alhali robar ta bushe ta tsattsage. A Turai ba a yarda zurfin zane ya gaza milimita 1.6 ba, kuma da yawa daga cikin waɗanda ake kawo mana can aka yar da su. Ka guji mai hoton dutse da ƙanƙara a gefe, ta lokacin sanyinsu ce, robarta laushi gare ta, kwaltarmu na cinye ta da wuri. Na san ana aron taya huɗu a je bizit, a dawo a mayar wa mai su. Ban ga ribar ba. Wadda za ta fashe da kai tsakanin Dakusa da Damagaram, da mutane zaune kan buhuna, ita ce tsohuwar taka da ka mayar wa motar bayan an buga maka hatimi.

Hayaƙi ba sai na ja ba. Shuɗi, inji na shan mai. Baƙi, kafireta ta buɗe da yawa ko matatar iska ta toshe da ƙurar hunturu, sai ka fara da matatar don ita ce mai arha. Fari mai yawa da ba ya ɗaukewa bayan inji ya yi zafi, gaskit ne. Kai da za ka taho daga Dakusa ma ka ci riba, inji zai iso da zafinsa, hayaƙinsa ya fi tsabta.

Game da Toyota, tsohuwar Hilux mota ce, ban musa ba. Amma wadda aka yi wa riƙon sakainar kashi za ta faɗi a wurin da 504 mai gata za ta wuce. Inda 504 ke da rauni yau shi ne jabun kaya sun cika kasuwa. Robobi, takalman birki da bututu, sababbi za ka saya, kuma ka tafi da bakanikenka ya zaɓa. Manyan ƙarafa irin na sitiyari kuwa, na asali da aka ciro daga wata motar sau da yawa ya fi sabo mai ƙyalli da ba a san inda aka ƙera shi ba.

In mota ta zama taka, ka riƙa fara shiri mako biyu kafin ranar da ke jikin takardarka, kuma ka lura motar haya wa'adinta ya fi na motar gida gajarta. In da hali ka gama gyara kafin kaka, don kada mota ta kwana garaji lokacin da ake neman ta. Ka haɗa kartagiris, asirans, binyat da tsohuwar takardar bizit, ka kai motar da kanka. Masu cewa ka ba su kuɗi su kawo maka takarda mota na gida, takardar na iya zama jabu, kuma ranar da jandarma ya gane ko aka yi haɗari, sunanka ne a jiki. In an kayar da kai, ka nemi a faɗa maka abin da aka gani ɗaya bayan ɗaya, ka rubuta, ka kai wa bakanike.

Tunda ba ka riga ka biya ba, ga abin da zan yi in ni ne. Ka ce wa mai motar ku je bizit tare kafin a yi sallama, kuɗin dubawa naka, duk abin da aka samu na gyara a cire shi daga farashi. In ya yarda, ka sayi mota da takardarta sabuwa. In ya fara cewa ai ba a haka tsakanin ƴan'uwa, ka yi masa godiya, ka je ka duba ta gaba.