Tashar rediyon unguwa: abin da za ku saya da abin da zai cinye muku kuɗi

Bayan bidiyonmu na makirufo, wasu 'yan uwa a nan Amurka sun tambaya nawa za su kashe su buɗe wa ƙungiyarsu ƙaramar tashar FM. To, mu bi abin daki-daki.

Sai an samu lasisi tukuna kafin a sayi komai. Hukumar FCC ta fito da tsarin LPFM a shekarar 2000 don ƙungiyoyin da ba riba suke nema ba. Iyakar ƙarfinsa wat 100 ne, da eriya a tsawon mita 30, kuma yana kai wajen kilomita 5.6. Ba kullum ake karɓar takardu ba: an buɗe ƙofa a 2013, sai kuma Disamba 2023. Don Allah kar wani ya sayo taransimita mai araha a intanet ya kunna kawai. Dokar PIRATE ta 2020 ta ba da damar cin tarar da za ta iya kai dala miliyan 2.

Kayan ɗakin watsa shirye-shirye ba su da wata tsada. Makirufo biyu ko uku, irin Shure SM58 da ke wajen dala 100, ƙaramar mikisa, abin sauraro na kunne, da kwamfuta. Audacity kyauta ce don gyaran murya, Rivendell ma kyauta ce don jera shirye-shirye su riƙa tafiya da kansu cikin dare.

Inda kuɗi ke shiga shi ne taransimitar da FCC ta amince da ita, eriya, kebul mai kyau, da na'urar EAS mai karɓar sanarwar gaggawa, wadda dole ce. Ga darasin da mutane ke mantawa: siginar FM kusan a miƙe take tafiya, gini ko tudu na tare ta. Ninka wat sau 2 ƙarin desibel 3 ne kacal. Don haka rufin da ba abin da ya kare shi ya fi muku amfani a kan taransimita mai tsada. Doguwar kebul marar kyau kuma tana shanye ƙarfin tun kafin ya isa eriya.

Amma gaskiya, abin da ke kashe tasha shi ne kuɗin wata-wata. A ce kayanku gaba ɗaya suna jan wat 500 dare da rana: kilowat-awa 360 ke nan a kwana 30. Ƙara hayar rufi, intanet, inshora, da kuɗin haƙƙin waƙoƙi na ASCAP da BMI. Kuma LPFM ba a yarda ta yi tallar kasuwanci ba, sai dai a ambaci sunan wanda ya tallafa.

Shawarata: ku fara ta intanet da Icecast. A kilobit 64, mai sauraro zai ci wajen megabait 29 a awa ɗaya, kuma dangi a Nima ko Kumasi za su ji ku. Idan kun yi wata 6 masu gabatarwa ba su watse ba, gudummawa kuma tana shigowa, sai a fara maganar FM. In ba haka ba, kayan za su zauna a kwali, kuɗin jama'a kuma sun tafi.

Allah ya taimaka, sai mun haɗu a bidiyo na gaba.