Gasasshen kifi da haɗin mangwaro

A lokacin bazara ruwan tabkuna yana ja baya, masunta na Madarumfa da Tabalak da Gidimuni suna samun kamu, mangwaro kuma ya cika kasuwa har yana ruɓewa a kwanduna. Abinci biyu ne masu amfani da Allah ya haɗa mana a lokaci guda, amma ba kasafai muke haɗa su cikin akushi ɗaya ba. Kifi yana gina jiki kamar nama. Nunannen mangwaro kuwa yana ɗauke da bitamin A, wanda rashinsa ke jawo wa yara dundumi.

Aikin yana farawa tun a wurin saye. Mu ɗaga murfin kunnen kifin mu duba: in cikin ja ne wur, idon yana sheƙi, tsokar kuma ta dawo daidai bayan mun danna ta da yatsa, kifin na yau ne. In cikin ya yi toka-toka, idon ya faɗa, to, mu bar wa mai shi kayansa, ko nawa ya rage. Karfasa da giwan ruwa sun fi daɗin gashi. Tarwaɗa ma tana gasuwa, sai dai a goge santsinta da toka ko gishiri tukuna.

Bayan an kankare shi an fid da kayan ciki, a wanke da ruwa mai tsabta, a tsaga kowane gefe sau 3. A daka tafarnuwa da citta da tonka da gishiri mai iyod, a matsa lemun tsami 2 ga kilo 1 na kifi, a zuba cokali 2 na man gujiya, a cusa haɗin cikin tsagar. A rufe, a ajiye a inuwa minti 30. Kada a wuce haka, don tsami yana narka tsoka, zafin bazara kuma ba ya jiran kowa.

A nan akwai kuskuren da muke ji sau da yawa a cibiyoyinmu. Wasu suna ganin tsokar ta yi fari cikin lemu, sai su ce lemu ya kashe cuta. Bai kashe ba. Lemu yana rage ƙarni, yana ƙara daɗi, amma wuta ce kaɗai ke kashe ƙwayoyin da ke sa gudawa. Saboda haka ruwan da ya rage a kwanon jiƙo ba a zuba shi kan gasasshen kifi sai an tafasa, kuma ba a mayar da kifin cikin kwanon sai an wanke shi da sabulu.

A bar gawayi ya ci har ya yi farar toka, a shafa wa raga mai, a aza kifin. Mai kaurin yatsu biyu yana bukatar kamar minti 10 zuwa 15, a juya shi sau ɗaya. Ya nuna in tsokar da ke jikin ƙashin baya ta yi fari, tana ɓarewa da kanta.

Haɗin mangwaro ba a dafa shi, shi ya sa tsabtarsa ta fi wuya. Da wata wuƙa daban, da hannu wankakke, a yayyanka mangwaro 2 ƙanana-ƙanana, da albasa 1 irin ta Galmi, da tumatir 2, a matsa lemu, a barbaɗa gishiri. A haɗa shi dab da ci, a rufe saboda ƙuda. Inda gwanda ta samu, tana iya maye gurbin mangwaro.

Turawan Faransa sukan sha farar giyar inabi da gasasshen kifi, domin tsaminta yana yanke maiƙo a baki. Wannan tsami muna da shi a zoɓo da tsamiya, a jiƙa su da tafasasshen ruwa, sukari kaɗan. Shayi kuwa a jinkirta shi kamar awa 1 bayan ci, musamman ga mai ciki, don yana hana jiki shan sinadarin ƙarfe mai ƙara jini, alhali lemu da mangwaro suna taimaka masa.

Yaro ƙarami, tun daga wata 6, yana iya cin tsokar kifi. Uwa ta murje ta da yatsu cikin haske, ta tabbata babu ƙaya ko ɗaya, ta ba shi nasa kafin a sa tonka a haɗin.